Waken Baba da Dafin Dodo

Shekarar da aka yi wa Baba aikin yanar ido, ni aka bar wa feshin wake. Na gama makaranta ina zaune a gida, ba aikin fari ba na baƙi, sai latsa waya. Likita ya ce sati biyu kada Baba ya shiga rana ko ƙura. Wake kuwa ya fara fure, tsutsa ta sauka.

"Murfi biyu a tanki," in ji shi, yana zaune a ɗaki da baƙin tabarau. "Kwalbar da ke bayan buhun taki. Biyu na ce, ka ji ko?"

Na ce na ji. Ai ni mai ilimi ne.

A lokacin wani wasan farautar dodanni na waya ya gama cinye mini kai. Abin da ya kama ni a wasan shi ne ba kowane bugu ne ke cin kowane dodo ba. Takobi na yanka ne, shi kaɗai ke datse wutsiya. Guduma ba ta yanka, amma ka samu dodo a ka da ita sai jiri ya kwashe shi. Mai fatar ƙarfe tsawa ke gigita shi, na cikin ƙanƙara wuta. Sai kuma dafi, abin alfaharina. Shi taruwa yake yi a jiki har ya kama, kuma duk kamun da ya yi dodon sai ya ƙara taurin rai, karo na biyu sai ka ninka. Gwani ba ya zuwa da makami iri ɗaya. Na haddace wannan fiye da karatun da aka tura ni.

Na yi feshin farko yadda Baba ya ce. Bayan kwana uku na buɗe wani fure, ga tsutsa tana miƙa abinta. Raina ya ɓaci. Na ce a'a, wannan ta saba da dafin, dole a sauya mata salo. A bayan buhun akwai wata kwalbar, takardarta ta goge, an ɗaura mata tsumma a wuya. Na ce ga makami na biyu. Na zuba murfi huɗu na maganin farko, uku na mai tsumma, na goya tanki na bi gonar kunya-kunya, har da fito.

Da yamma Inna ta ga kwalbar nan mai tsumma a bakin rijiya. Ta ajiye guga.

"Me ya fito da maganin ciyawa?"

Ashe tun da idon Baba ya dushe yake ɗaura wa maganin ciyawa tsumma, don hannunsa ya gane shi. Kowa a gidan ya sani. Ni da ke da ido biyu lafiyayyu ban taɓa lura ba. Wallahi sai da na zauna a ƙasa.

Washegari na je gonar, ganye kore shar. Na ce ko Allah ya rufa asiri. Kwana na uku saman ya fara sunkuyawa. Na huɗu fure ya zube. Na ɗebi ruwa a jarka ina yayyafawa kamar mahaukaci, alhali na san ya riga ya shiga jijiya. Tsoro nake ji, tsoro na gaske.

Gonakinmu kuwa a manne suke, kana fitsari a taka maƙwabci na jin ƙara. Duk unguwa ta gani. Maƙwabcinmu na gona, sa'an Baba, ya tsaya a kan iyaka ya daɗe yana kallo, ya ce, "Sannu da aiki, malamin boko," ya wuce. Masu zuwa dubiya suna shiga ɗakin Baba, ni ina maƙale a ƙofa. Babu wanda ya faɗa masa. Inna ta ce a bari idon ya warke, ɓacin rai ba zai yi masa kyau ba.

Baba kuwa kullum zancensa ɗaya. Shekara biyu yana noma da lalube, yana gane amfaninsa da tafin hannu.

"Ranar da likita ya sake ni, ba gida za ka kawo ni ba. Gona za mu fara. Ina so in ga kore."

Sau uku ina buɗe baki in faɗa masa, sau uku ina tambayarsa ko zai sha ruwa.

Ranar ta zo. Na kai shi likita ya sake duba idon, na ɗauko shi a babur daga asibiti, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, ina fatan taya ta yi faci. Ba ta yi ba. Muka tsaya a bakin gona. Hagu da dama waken mutane kore, har ya fara ɗaure 'ya'ya. Namu a tsakiya ja-wur, kwance.

Baba ya cire tabarau. Ya daɗe a tsaye. Ina jira ya mare ni, wallahi da na ji sauƙi.

"Likitan nan bai iya aiki ba," in ji shi. "Dishi-dishi nake gani. Mu je gida, rana tana damuna."

Muka tarar da Inna a tsakar gida tana fama da allura, zare ya ƙi shiga. Baba ya miƙa hannu ya karɓa. Bai ko matso da ita kusa da fuskarsa ba, ya zura zaren sau ɗaya, ya miƙa mata, ya shige ɗaki bai dube ni ba.