Baba Kalebu, Mai Raka Wanda Kotu Ta Sallama

Kullum kafin a buɗe kotun Madarunfa, Baba Kalebu tafinta ya riga ya jingine tsohon motonsa a inuwa, ya zauna cikin mutanen ƙauye. Aikinsa na hukuma shi ne juya Faransancin alƙali zuwa Hausa. Sauran shi ya ɗora wa kansa. In an tashi, a waje zai tsaya ya warware wa mutane hukunci dalla-dalla, na gona ne, na gado, ko na ɓarnar shanu: abin da ya sa wannan ya ci, wancan ya faɗi, da yadda ake ɗaukaka ƙara. Ba ya shafa wa magana zuma. Da idona na ga wata tsohuwa ta zage shi tas don ya ce ɗanta ba zai fito kaso bana ba, ya kuwa tsaya har ta gama.

Da masu satar mutane suka addabi ƙasar Gabi, nauyin ya ƙaru. Duk wanda aka zarga da yi wa ɓarayi jagora, ko kotu ta sallame shi, mutuwa na jiransa a gida, don mutane cewa suke an sayi shari'a. Sai Baba Kalebu ya goya shi a moto, ya kai shi ƙofar maigari, ya bayyana hukuncin a gaban kowa.

Bara ɓarayin suka harbe ɗansa Yunis a gona. Aka kama wani manomi, Ɗan Azumi, wai shi ya nuna musu hanya. Ranar shari'a wani ne ya yi tafinta, Baba Kalebu kuwa yana zaune gefen matarsa Abigail. Shaida ɗaya tak aka samu, shi ma ji ya yi, bai gani ba. Alƙali ya sallami Ɗan Azumi. Samarin ƙauye kuwa sun riga sun tanadi sanduna da adduna.

Abigail ta riƙe wa mijinta riga, ta ce, "Malam, in ka ɗauki mutumin nan, da wane ido za ka dube ni?"

Baba Kalebu ya tada moto. Ya ɗauke shi.

Maigari ya ba ni labarin sauran. Da Baba Kalebu ya gama bayani, Nura, abokin marigayin, ya matso da adda a hannu. "Baba, kai ma ka yarda bai yi ba?"

"Ban sani ba, Nura. Alƙali ma bai sani ba, shi ya sa ya sake shi. In kun kashe shi, kun ƙara mini gawa ne, ba ku maido mini ɗa ba."

 Samarin suka watse suna ƙunƙuni.

Kai ne, Baba Kalebu, mai faɗin hukunci ko da kai ya yanka. Wallahi ni da ba zan iya ba, kuma ba na jin kunyar faɗi. Wannan watan kake ajiye aiki, ba biki, ba lambar yabo, Abigail ma sai kwanan nan ta fara amsa maka gaisuwa. Mun gode, Allah ya ba ku haƙuri.

Ku da kuka san doka, ku fito waje ku yi wa mutane bayani kamar yadda ya yi, kafin su ɗauki adda. Ɗan Azumi ya shuka geronsa bana, yana cikin iyalinsa. Har yau Baba Kalebu bai sani ba ko wanda ya ceta shi ne ya kai masa ɗa ga mutuwa.