Nafi'u da Layin Ruwan Tenhya

Ranar Laraba na shiga shagon Nafi'u a bayan tashar Tanout, ina ta zuba sallama kamar mai neman ƙuri'a, sai babbar rigata ta kwashi wayar batir. Odinatarsa, wato kwamfutarsa, ta ɗauke ɗif. Ni kuma na zube kan buhun gawayi, hulata ta gangara waje. Da a da ne, sai ya yi mako yana ba da labarina. Ran nan ko murmushi bai yi ba.

Nafi'u ɗan ƙanwata ne. Gyaran salula ya fara, har aka san shi daga Falanko zuwa Belbéji. Daga baya ya gano wani mataimaki a intanet, irin na'urar nan mai ƙwaƙwalwa da ke rubuta manhaja idan ka gaya mata abin da kake so. Yana biyan kuɗin wata, yana tambaya son ransa. Da ita ya haɗa wa ƙungiyar makiyayan Tenhya wata manhaja mai raba layin shayarwa a fanfon burtsatse. Kowace safiya saƙo ya tafi salular mai garke: ranarka kaza. Makiyayi ya hau tudun da rezon waya ke kamawa, ya ji ranarsa, ya kora dabbobi. Rigimar bakin komin shan ruwa ta lafa, tsofaffi suna sa masa albarka.

Amma Nafi'u ɗan Damargu ne, kuma a nan ba a hana mutum guga. Safiyanu mai koyon aiki a mairi, ofishin magajin gari, ya roƙi kalmar sirrinsa ta shiga na'urar, ya ba shi. Zuhaira ɗiyar maƙwabci tana karatu a Damagaram, ita ma ya ba ta. Sunan marowaci ya fi masa ciwo.

Ana tsakiyar bazara kamfanin ya sauya tsari. Kuɗi ya hau, sannan aka yanka wa kowa rabon mako: in ka cinye, sai ka jira. Su Safiyanu ba su sani ba, suka yi ta ɗiba kamar kullum. Kuma a makon ne manhajar ta fara ba gida biyu rana ɗaya.

"Gyara ta da hannunka mana," na ce da ya gama zayyana mini, ina kakkaɓe gawayi.

"Kawu, ban iya ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na'urar ce ta rubuta. Ni dai na san abin da na roƙa."

Ya tada odinatar. Rabon ya ƙare, sai Litinin. Ya nuna mini saƙonnin da suka riga suka fita: raƙuman Jibo gobe, shanun Hassan Dado ma gobe. Waɗannan gidaje biyu akwai tsohon jini tsakaninsu a kan rijiya. Ya kira su ya fi a ƙirga, duk sun sauka daga tudu, suna hanya da dabbobin da suka kwana da ƙishi. In ya kashe manhajar, sauran garkunan ba wanda zai san ranarsa. In ya bar ta, jibi ma haka za ta yi.

Ni kuwa in tsoro ya kama ni bakina ne ke gudu.

"To ka lallashi na'urar, ɗana. Ka ce mata kai maraya ne. Ko ka kai mata goro, ko aljani yana jin goro."

Ya rufe odinatar, ya zaro makullin babur, ya ajiye a tafina.

"Kawu, ita sun sa mata iyaka, bakinka ne ba a sa wa ba. Ga mai a ciki. Ka riga su zuwa bakin komi, ka ba Jibo da Hassan dariya har Litinin."