Doña Chencha, Mai Ƙirga Igiyar Ruwa a Boca de Garza

Rana ba ta taɓa riga Doña Crescencia Mariche hawa dutsen da ke bakin kogin Boca de Garza ba. Chencha kowa ke ce mata. Gari na fara wayewa za ka hango ta tana hawa a hankali, da jakar saƙi a kafaɗa. A ciki akwai gorar kofi, da gurasar masara a naɗe cikin tsumma, da madubin hangen nesa, da rediyon oba-oba. Takan zauna ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa, tana kallon inda kogi ke karo da teku a kan tudun yashi. Sai ta danna rediyo ta ce, "Ƙofa a buɗe take." Ko kuma ta ce, "Yau kowa ya zauna ya ɗinke komarsa." Babu jirgin da ke tayar da inji kafin a ji ɗaya daga cikin biyun nan.

Shekara ashirin da tara ke nan tana wannan aiki. Ta fara ne a shekarar da mashigar kogin, wadda ake kira ƙofa, ta cinye mijinta Fidencio, da rana tsaka, mutane na kallo daga gaɓa, don babu kowa a sama da zai ce masa ya dakata. Ana gama addu'ar kwana tara ta hau dutsen, ba wanda ya sa ta.

Daga Disamba zuwa Maris, lokacin da ballena, wato ƙattin dabbobin teku masu siffar kifi, ke zuwa haihuwa a ruwanmu mai ɗumi, aikinta kan ninka. Baƙi kan sha tafiyar awa tara a mummunar hanya daga birnin Oaxaca don su ga waɗannan manyan halittu, waɗanda uwa ɗaya ta ninka jirgin kamun kifi sau biyu a tsawo. Su ɗauki hoto, su rungumi direban jirgi, su tafi suna yabon idonsa. Ba su san wata tsohuwa ce a kan dutse ta ce masa, "Yi kudu, bayan farin dutse, uwa ce da ɗanta, kada ka shiga tsakaninsu."

Ke ce idon waɗanda ke ƙasa, Doña Chencha. Ke ce wadda ba a ɗauka a hoto.

Amma ranar da mutanen gari ba za su manta ba ita ce wata Talata a watan Fabrairu, shekara biyu da suka wuce. Jirage huɗu suka fita da safe, teku kwance kamar tabarma. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Chencha ta lura igiyoyin sun fara zuwa da tsawo, suna faɗuwa a kan yashi da wata irin ƙara mai nauyi. Babu iska, babu hadari, amma ta san abin da ke tafe. Ta kira kowa ya juyo gida.

Jirage uku suka shigo. Na huɗun na Nabor Salinas ne, ƙanin marigayi mijinta, wanda bai taɓa barin wata magana tata ta wuce ba tare da ya tsokane ta ba. Baƙi takwas ne a jirginsa.

"Matar yaya," in ji shi ta rediyo, "kofin naki ne ya yi ƙarfi yau? Ruwan nan ko jariri ya yi wanka a ciki."

"Jaririn da ba ya jin magana shi nake kira. Juyo, Nabor."

"Mutanen nan tun jiya suke hanya, ko jela ba su gani ba. Ba ni minti ashirin."

"Ba ni da shi. Ba nawa ba ne."

Ya kashe rediyonsa. Daga baya ya ce a daidai lokacin ne wata uwar ballena ta ɓullo da ɗanta kusa da su, baƙi na ihun murna, shi kuma ya kasa ce musu a tafi. Minti ashirin ya zama awa ɗaya da rabi. Ko da ya iso bayan mashigar, ƙofar ta zama bango. Igiyoyi na tasowa sun fi rufin coci, suna faɗowa fari fat daga wannan gefe zuwa wancan.

Rediyo ya yi ƙara. Wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Chencha, kina jina?"

"Ina jinka. Nawa ne manka?"

"Ƙasan jarka."

"Zai kai ka tashar jirage ta Puerto?"

"Ko rabin hanya."

Babu wata hanya ke nan sai ta ƙofar. Ta san manyan igiyoyi a jere suke zuwa, shida ko bakwai, sannan teku ya ja numfashi na abin da bai kai minti ɗaya ba. A wannan ɗan tsakanin ne jirgi zai bi bayan igiya ta ƙarshe a guje. In ya yi gaggawa ya hau kanta ta jefa shi, in ya yi jinkiri ta bayanta ta rufe shi.

"Kowa ya ɗaure rigar ceto, su zauna a ƙasan jirgi," ta ce. "Ka riƙe hancinsa yana kallon teku. Kada ka motsa sai ka ji bakina."

Labari ya riga ya zaga gari. Mata sun bar tukwane a wuta, maza sun jeru a gaɓa da igiyoyin ɗaure jirgi a hannu. Ofelia, matar Nabor, ta hau dutsen a guje ba takalmi, ta faɗo cikin rumfar tana haki.

"Yaya, ki shigo da shi! Don girman Allah ki shigo da shi!"

"Zauna nan. Ki yi shiru, ina ƙirga."

Ɗaya. Biyu. Dutsen na girgiza a ƙarƙashinsu. Biyar. Shida. Ta bakwai ta faɗi, ruwan ya lafa. A gaɓa aka ɗauki ihu, "Yanzu! Yanzu!" Chencha ta kai yatsa kan rediyo, sai ta ji wani huci daga ƙasa, irin na babbar dabba da ta daɗe ba ta shaƙi iska ba. Ta ɗora madubi a ido. Wani duhu ta gani a bakin hanyar, amma ta kasa tantance shi.

Abin da ba wanda ya sani a garin shi ne, tun damina yanar ido ta fara rufe mata idon dama, na hagun ma ya soma hazo.

Ta tura wa Ofelia madubin. "Duba gaban ƙofa, dama da tulun alamar nan da ke kan ruwa. Me kika gani?"

"Wayyo Budurwa Maryamu! Uwar ce da ɗanta. Sun biyo su. Suna kwance a kan hanya."

"Chencha, ruwa ya kwanta!" Nabor ya yi tsawa. "In taho?"

"Tsaya!"

"Ba ni da man jira!"

"Na ce tsaya! Akwai uwa da ɗa a gabanka, ba ka ganinsu. Ka taka ɗan nan da gudu, jirginka ya rabe biyu."

Tsakanin ya wuce. Sabon jeri ya taso. Daga gaɓa wani ya ɗaga murya yana cewa tsohuwa ta rikice, za ta kashe mutane saboda kifi. Chencha ta ji shi sarai. Ta ce wa Ofelia, "Daga yanzu ke ce idona. Kada ki ɗauke kai daga kansu. Ni zan ji da igiya." Ta karkata kunne ta ci gaba da ƙirga, don ta san faɗuwar kowace igiya da sautinta kamar yadda uwa ta san tarin ɗanta.

Tsakani na biyu ya zo.

"Suna nan?"

"Suna nan," Ofelia ta ce tana kuka. "Ɗan yana wasa a bayanta."

"Nabor, tsaya."

Ta cikin rediyon suna jin wata mata na addu'a da wani yare, wani namiji na amai, injin kuma ya yi tari sau biyu kafin ya kama. Ofelia ta riƙe hannun Chencha har farcenta ya shiga nama.

"In ya mutu a can fa, Yaya?"

"Duba ruwa, ba fuskata ba."

Jeri na uku ya fi na baya girma. A igiya ta huɗu Ofelia ta miƙe tsaye. "Ta ɗaga jela! Ta nutse! Ga hucinsu can kudu, sun bar hanya!"

"Kin tabbata su biyu ne?"

"Biyu! Babba da ƙarami!"

"Nabor, juya hancinka gida. Biyar ke nan. Bar ta shida ta wuce ka." Ta saurara. "Ta bakwai na zuwa, ita ce taka. Kada ka hau ta, ka manne a bayanta. Jira. Jira. Yanzu! Ba shi wuta duka!"

Waɗanda ke gaɓa sun ce jirgin ya ɓace musu gaba ɗaya a bayan igiyar, ba a ganin komai sai farin kumfa. Can sai hancinsa ya ɓullo a cikin kogi, ruwa na zuba daga gefensa. Bai yi tafiyar taku hamsin ba injin ya mutu. Da igiya aka jawo su gaɓa, mutum tara, ba wanda ya rasa ko takalmi.

Nabor bai tsaya karɓar barka ba. Ya hau dutsen jiƙe sharkaf, ya tsaya a bakin rumfa da hula a hannu, ya kasa haɗa ido da ita.

"Matar yaya..."

"Ruwan wankan jariri, ko?" in ji ta. Sai ta jawo shi ta rungume, tana dukan bayansa da tafin hannu.

Abin da ta yi washegari shi ne dalilin wannan rubutu. Gari na yabonta, da ta so da ta yi shiru. Amma ta je taron ƙungiyar masu jirage ta tsaya a gaban maza goma sha huɗu ta ce, "Jiya ban ga ballenar nan ba, jinta na yi. Idona na tafiya. Da Ofelia ba ta hau ba, ban san abin da zan ce masa ba. Ku ba ni ita shekara biyu in koya mata, sannan in sauka." Wasu suka ce ai kunnenta ya fi idon kowa. Ta ce rai tara ba abin gwaji ba ne.

Shekara biyun sun cika ranar Lahadin da ta wuce. Bayan an fito daga coci aka dafa miyar kifi a gindin bishiyoyi, ta miƙa wa Ofelia rediyon a gaban kowa. Nabor ya yi ƙorafi cewa yanzu a gida a ba shi umarni, a teku ma a ba shi. Chencha ta ce da ma abin da ya rasa ke nan tun yana yaro.

Doña Chencha, ke ce kika ce "tsaya" lokacin da gari duka ke cewa "taho". Ke ce kika faɗi rauninki da bakinki a ranar da ake yi miki tafi. Mun gode, mu da 'ya'yanmu, da baƙin da suka koma gidajensu lafiya ba su ko san sunanki ba. Allah ya ba da sa'ar aikin idon da za a yi miki.

Ku kuma masu karatu, kowa na da inda rayukan wasu ke hannunsa, ko sitiyari ne, ko allura, ko tukunyar abinci. Ku riƙe shi kamar yadda ta riƙe nata. Ranar da kuka ji ƙarfi ya fara ja da baya, ku nemi magaji, ku faɗa da bakinku tun teku bai faɗa a madadinku ba.