Farin Yadin Likita

Ido ya cancanci yabo. Ma'aikaci ne da ba ya neman albashi, tun daga bakin layi yake rarrabe mai saye da mai taya. Nawa na hagu ya ƙura wa Likita kallo ranar Litinin, mutum yana tsaye a gabansa da ajalinsa a kafaɗa, bai ga komai ba. Washegari Talata, sha huɗu ga wata, bayan sallar asuba, Allah Ya karɓi abinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Likita, yadi ne ya haɗa mu. Ka shigo shagona neman baƙin labule na ɗakin da kake duba ido, na warware maka bandir guda ina ta koɗa shi.

Ka ce, "Mai Yadi, ai wannan shuɗi ne."

Na ce hasken shagon ne.

Ka ce, "Bar shago ya huta, ba shi da laifi. Zo ka hau kujerata."

Na daɗe ina maka yawo da hankali, don ni da wuƙa sai dai a kan yadi. Ba ka taɓa gajiya ba. Kana da wani ƙaton ido na roba a kan tebur, mai buɗewa biyu. Da shi ka nuna mini 'yar ƙofar da haske ke shiga, da ɗan gilashin da ke bayanta, wanda ka ce nawa yana ta rufe shi, ya dushe kamar tagar kicin. Ka ce hoto a kife yake faɗawa a bangon bayan ido, ƙwaƙwalwa ce ke miƙar da shi. Ka ce akwai wani ɗan gurbi inda jijiya ta fita, ba ya ganin komai, ƙwaƙwalwa ce ke cike shi da abin da take zato. Na ce ashe ita ma 'yar kasuwa ce, ta iya ciko. Ka yi dariya har ka cire tabarau.

Na ga tsofaffi sun shiga wurinka ana jansu da sanda, sun fito suna yi wa jikoki faɗa a kan dattin riga. Wannan ne ya karya ni. Ranar Litinin ka yi mini aiki a na dama, ka rufe shi da auduga, ka ce na hagu sai wannan ya warke. Ka kafa doka: ban da ruwa, ban da murzawa, ban da sunkuyawa, sallah ma a zaune. Ka ce, "Gobe ni zan buɗe. Ka yi haƙuri, fuskata za ka fara gani."

Nas ce ta buɗe. Ta gaya mini rasuwarka tana ɓare filasta. Abin da na fara gani kujerarka ce, da rigar aikinka a rataye, har zaren da ya zare a bakin aljihu.

Ban san inda zan nufa ba, sai na tafi shago. Can ƙaninka ya same ni, ya ce likkafani. Na sauko da fari, na auna, na yanka. Na rufe na dama, yadin ya koma kamar an jiƙa shi da shayi. Na rufe na hagu, sai ga fari tas, irin wanda na manta akwai shi a duniya. Na yi ta yi, wannan ido, wancan ido, har ƙaninka ya ce, "Baba, ana jira."

Sallarka ba ruku'u ba sujada, don haka na yi ta a tsaye cikin sahu ban karya maka doka ba. Kuka kuwa bai zo ba. Ruwan da ke shiga idona shi ne na 'yar kwalbar da ka rubuta, ina ɗigawa a kan lokaci. Idan na wuce ƙofar asibitin, ta gefen ido nakan gan ka zaune. Na san ciko ne, kai ka koya mini. Ba na juyawa.

Allah Ya jiƙan ka, Likita, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka gwargwadon hasken da ka mayar wa bayinsa. Uwargidanka da 'ya'yanka da ƙannenka da ma'aikatanka, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku.

An ce za a kawo wani likitan, an ce ƙwararre ne. Na yarda. Amma sai da aka yi shekaru ana zolayata kafin na kwanta na miƙa ido ɗaya ga wuƙa. Na hagun nan da ya rage, wa ke da wannan haƙurin?