Yatsan Malam Bawa a Cikin Gishiri

Har gobe ban manta da wata ranar kasuwar Shinkafi ba, lokacin ina ƙaramin ma'aikacin lafiya a ɗakin ɗinkin rauni. Kaka ce, ana ta sussukar dawa. Da hantsi aka sauke wani dattijo daga babur, Malam Bawa daga Katuru, hannunsa na dama naɗe da zanen mace. Injin sussuka ya datse masa kan manuniya.

Ƙa'idarmu ita ce a fara tsayar da jini, a wanke, a yi allurar rigakafin tetanus, sannan a kira babba ya duba. Babbarmu a lokacin Sista Rabi ce, wadda ta shekara ashirin a aikin.

Ina cikin wanke raunin sai matarsa, Inna Hassi, ta kwance bakin mayafinta ta miƙo min gwangwanin tumatir.

"Ɗana, ga shi nan. Cikin ƙaiƙayi na tono shi. Gishiri na sa mai, kar shi ruɓe kahin mu iso."

Na leƙa, sai ga guntun yatsan. Gishirin ya tsotse naman, ya yi fari ya yamutse. Na buɗe baki zan ce wa ya ce ta yi haka, sai Sista ta dafa min kafaɗa. Ta karɓi gwangwanin da hannu biyu.

"Inna, kin yi ƙoƙari," ta ce. "Amma ba zan ɓoye miki ba, ba zai ɗinku ba. Gishiri yana ajiye naman miya, amma mai rai kashe shi yake yi. Ko da an adana shi daidai ma, yadda injin ya murƙushe shi, da wuya ya kama."

Inna Hassi ta rufe fuska. Shi kuwa Malam Bawa, da bai ko yi nishi ba tun zuwansu, sai ya ce, "Hassi, bar kuka. Da shi nike nuni ga tahiyar salla, to Allah Ya san na yi. Sauran tara sun ishe ni noma."

Bayan na gama ɗinke raunin, Sista ta zaunar da ita ta nuna mata yadda ake adana yatsan da ya guntule: a naɗe a tsumma mai tsabta da ɗan laima, a ɗaure a leda, a sa ledar cikin ruwan sanyi. Inna ta maimaita sau biyu, ta ce za ta gaya wa matan unguwa. Yatsan kuwa na wanke shi, na naɗe a farin bandeji, suka tafi da shi don su binne.

Ku da kuke sababbi a aikin nan, za ku ga ana zuwa muku da toka, da gishiri, da man gyaɗa a kan rauni. Ku gyara kuskuren, wannan aikinmu ne. Amma kafin ku ɗaga murya, ku tuna mutum ne ya durƙusa yana tonon ƙaiƙayi da hannunsa saboda nasa.