Rafin da Filibus Ya Sa a Hagu

Duk wanda ya yi firamare a Tarauni ya san aikin hannun Malam Filibus, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne mai zana taswirar Nijeriya a bangon makarantu, daga Daurawa har Hotoro. Ba ya duba littafi. Ya tsoma buroshi a shuɗin fenti, ya jawo Kwara, ya jawo Binuwai, ya haɗa su a Lakwaja, shi ke nan. Sai dai fa kafiya, Allah Ya sawwaƙe! Ka ce layinsa ya karkace, ka jawo wa kanka musun wuni guda.

Shi da matarsa Ladi 'yan Kudancin Kaduna ne. Ƙauyensu ya watse tun wani rikici, ciyawa ta cinye wurin. Da ciwon suga ya taɓa idon Ladi, likita ya ce ganin ba zai daɗe ba, sai ta roƙi mijinta abu ɗaya: ya zana mata garinsu a bangon ɗakinsu na Gyadi-Gyadi, ta ƙare masa kallo tun da sauran ido.

Ya zana dutsen, da cocin mai rufin kwano, da gonakin citta, da ɗorawar ƙofar gidansu Ladi. Rafi kuwa ya sa shi a hagun dutse.

"Baban Janet, ba nan rafin yake ba. Ta bayan ɗorawa yake bi, ya zagayo dama."

"Ni za ki koya wa ruwa? Ni da na zana Binuwai sau ba adadi?"

"Binuwai ka zana. Wannan kuwa ni na ɗebo shi a kaina. Yaushe namiji ya taɓa zuwa rafi da tulu a garinmu?"

Gaskiyarta. Shi daga kan dutse ya san rafin, yana kiwon awaki. Amma ina! Ya ce zai duba in ya gama wani aiki a Unguwar Gano. Aikin ya ƙare, wani ya zo. Kullum Ladi na zaune gaban bangon tana ƙanƙance ido, ba ta sake tayar da maganar ba.

Wata safiya ta ce ya buɗe taga. Tagar a buɗe take, rana har tsakar ɗaki.

Filibus ya fita bayan gida ya yi kuka, kuka na sosai. Ya tsani kansa. Ran nan ya shafe rafin, ya ɗebo yashi a bakin titi, ya tankaɗe, ya kwaɓa cikin shuɗin fenti, ya ja shi da kauri ta bayan ɗorawa zuwa dama. Da ya bushe ya kama hannunta ya ɗora a kan zanen, daidai ƙofar gidansu.

Yatsanta ya lalubo yashin, ya bi shi a hankali, ya zagayo, ya tsaya.

"Yauwa, nan muke wanki," in ji ta. "Ya yi kyau, Baban Janet?"

Ya ɗora hannunsa a kan nata, suka sake bin rafin tare.

Har yau yana zana taswira, amma yanzu in aka ce layinsa ya karkace, yakan tsaya ya duba.