Shanun Dada a Faifan Yaya Sa'idu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Sa'idu, malamin sakandare da mutanen unguwarmu ta Kabara suka fi sani da Malam mai na'ura. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi masa sadaka da addu'a, in bar abin a raina. Bana na kasa bari, domin na shafe daminar nan ina sauraren birni da kunnensa.

Tun yana saurayi wani abokinsa mai zuwa Dubai saro kaya ya kawo masa tsarabar wata 'yar na'ura da ake kira minidis. Ba ta wuce tafin hannu ba. Faifanta ƙarami ne, yana cikin gidan roba mai kusurwa huɗu, wani shuɗi, wani ja, wani ruwan toka, kowanne yana ɗaukar fiye da awa guda. Sa'anninsa waƙoƙi suke zubawa a irinta. Shi kuwa sai ya nemi ɗan makirufo ya maƙala a wuyan riga, ya shiga lungu. Za ka tarar da shi a tsugune kusa da masu bugun shadda, ko a jingine da bangon gidan da ake lugude, ko a bakin rijiyar gidanmu yana jiran guga ta taɓa ruwa. Idan ka yi masa sallama sai ya amsa da kai, ya ɗaga yatsa ɗaya alamar ka dakata. Mun sha yi masa dariya. Mahaifinmu ya taɓa tambayarsa me zai yi da ƙarar turmi, ya ce, "Baba, ajiya nake yi." 

Farkon daminar bana azarar ɗakinsa ta karye, ruwa ya shiga. Matarsa, Anti Binta, wadda har yanzu take zaune a gidan da 'ya'yansu, ta kwashe abin da ya kwasu. Bayan kwana biyu sai ga ta a gidana a Dukawuya da wani tsohon gwangwanin biskit a cikin mayafi. Ta buɗe, ga faya-fayan nan jere, ga na'urar a naɗe cikin hularsa. Ta san aikina na ofis a gaban kwamfuta yake, shi ya sa ta zo wurina.

"Rabi," ta ce, "fuskarsa ina da ita a hoto. Muryarsa ce take ɓace mini. Ranar nan na so in tuna yadda yake kiran sunana, wallahi na kasa. Ki duba mini cikin waɗannan."

Na karɓa, na ce in sha Allahu, alhali ban san ta inda ake farawa ba. Na ɗauka abu ne irin na yanzu, a soka a kwafe cikin ƙiftawar ido. Na juya na'urar ta kowane gefe ban ga ramin da zai shiga kwamfuta ba. Sai na tafi Sheshe wurin Malam Habu mai gyaran rediyo, abokin Yaya tun suna makarantar allo. Ya daɗe yana riƙe da ita, sannan ya goge ta da bakin rigarsa. Batirinta na asali ya kumbura, ya cire shi, ya ɗaura mata wani ɗan gida a gefe wanda ke cin batir irin na rimot. Ya ba ni kebul mai kai biyu: ɗaya a ramin iyafis na na'urar, ɗaya a wani ɗan mahaɗi da ake sokawa a jikin kwamfuta. Ya ce irin wannan tsohuwar ba ta miƙa abin da ke cikinta a dunƙule. Sai dai a kunna faifan yana yi, kwamfuta tana naɗa, faifan awa guda ya ci awa guda.

"Amma Hajiya, idonta ya yi rauni," ya ce. "Abin da ke karanta faifan nake nufi. Ba a kawo kayan gyaranta yanzu. Tana iya kai ki ƙarshe, tana iya tsayawa gobe. Ki fara da wanda ranki ya fi so."

To, wanne raina ya fi so? Yaya bai rubuta komai a jikin yawancinsu ba, waɗanda ya rubuta kuma ruwa ya wanke tawadar. Sai na riƙa sa hannu ina ɗauko wanda ya zo.

Haka na koma zama a tsakar gida bayan la'asar, kwamfuta a kan kujerar tsugunno, iyafis a kunne. Da farko na cika ƙarar, sautin ya riƙa fashewa, sai da na rage na sake. Daga nan sai in danna, in ga wani koren zane yana tafiya a allon kamar jerin duwatsu daga nesa, ni kuma in tafi. Na ji masu bugu suna amsa wa juna, sanda da sanda, har na manta cewa aiki suke yi. Na ji mai tallan kananzir yana jan muryarsa daga bakin lungu har ta shige. Na ji mai yankan farce yana kaɗa almakashi, da tattabarun maƙwabcinmu suna tashi lokaci ɗaya, da ruwan sama yana zuba daga indararo cikin baho. Wani faifan 'yan acaɓa ne kawai suke ta hon a bakin titi, abin da a da yake sa mini ciwon kai, yanzu kuma na saurare shi har ƙarshe ina murmushi. Akwai wanda ya ɗauka ranar da aka ɗauke wuta, tsohon ladanin masallacinmu ya yi kiran sallah da zallar maƙogwaronsa, muryar tana rawa, daga nesa wasu suna karɓa. Ranar da na ji wannan, da aka kira magariba ta gaske sai na rasa wacce ce a kunnena, wacce ce a waje.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Kowa na da na'urar naɗar murya a aljihu, har ni. Muna aika wa juna saƙon murya daga safe zuwa dare, muna kuma ƙara masa gudu don kada ya ci mana lokaci. Ina jin da zai yi murna da sauƙin, domin shi ba mai ƙin sabon abu ba ne. Amma ban san yadda zai ji ba idan ya tsaya a lungunmu ya kasa kunne. Injin markaɗe ya karɓe aikin turmi, an rufe rijiyar gidanmu da siminti tun da aka haƙa burtsatse, janareto kuma ya danne sauran. Wataƙila da zai tsuguna ya ɗauki janareton ma. Halinsa ne.

Abu ɗaya ne ban samu ba. Faifai ya bi faifai, babu muryarsa. Wani lokaci in ji numfashinsa, ko ƙarar takalminsa a kan tsakuwa, ko wani ya yi masa sallama a ji shiru ya biyo baya, in san ya ɗaga yatsan nan nasa. Anti Binta takan bugo waya ta gaishe ni, ta tambayi yara, ba ta tambayar abin da ya sa ta bugo. Na'urar kuma ta fara gardama. Sai in sa faifai ta yi ta ƙugi tana nema, ta rubuta cewa babu komai a ciki, in cire, in hura, in mayar, in yi bisimilla.

Wata ranar Asabar na ɗauko wani ruwan toka da gefensa ya tsage. Ya daɗe yana juyi kafin ya kama. Sai na ji tarin tsohuwa, tarin da na sani tun ina goye. Dada ce, kakarmu ta wajen uba, wadda ta tashi a ruga kafin a kawo ta birni, ta rasu ina aji uku a jami'a. Fillanci take yi, tana jan wasu kalmomi da ƙarfi kamar mai kiran wani daga hayin rafi. Ni ban iya Fillanci ba sai gaisuwa. Na bar faifan yana tafiya, hannuna a kan na'urar kamar mai riƙe da majinyaci. Can wajen tsakiya Dada ta juya Hausa ta ce, "Kai ma yi mana, mu ji."  Sai muryar namiji ta kwaikwayi kiran, ta karkace a hanya, ta fashe da dariya. "Dada, ai ni ko akuya ba za ta amsa mini ba." Ta ce masa ɗan birni, ya ce ya yarda, suka yi ta dariya tare.

Ban motsa ba sai da faifan ya ƙare. Na adana shi wuri uku kafin in tashi.

Washegari na ɗauki kwamfutar na tafi Kabara. Na sa aka kira Goggo Dije, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita kaɗai ta rage mai jin yaren a gidanmu. Muka zauna a rumfa mu uku. Da na kunna, Goggo ta dafe ƙirji. Ta ce shanun mahaifin Dada ne take kira ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunanta da kiranta, shanun da suka ƙare tun kafin a haifi babanmu. Ta riƙa fassara mana a hankali: wannan fara ce, wannan mai karyayyen ƙaho ce, wannan ita ce ba ta yarda kowa ya tatse ta sai Dada.

Da aka zo wurin dariyar, Anti Binta ta sunkuyar da kai. Ta ce in mayar. Na mayar. Ta ce in ƙara.

"Muryar ta fi wadda na sani siriri," ta ce. "Lokacin bai san ni ba ma." Ta share ido da gefen mayafi, sai kuma ta yi 'yar dariya. "Amma dariyar ita ce. Haka yake yi idan na kama shi ya sha shayin yara."

Bai kira sunanta a faifan ba, kuma ban samu inda ya kira ba. Bayan wannan na'urar ta karanta mini wasu kaɗan, sannan wata la'asar ta yi ƙugi ta yi shiru. Malam Habu ya buɗe ta, ya duba, ya mayar da murfin ya miƙo mini da hannu biyu. Kusan rabin faya-fayan suna nan cikin gwangwani ba a ji su ba. Ya ce yana cigiyar irinta wurin masu tsofaffin kaya. Ina sa rai, amma na daina ƙagauta.

Idan na auna abin da Yaya ya bari, ba shi da yawa a ido. Bai gina gida ba, bai rubuta littafi ba, ɗalibansa sun watsu cikin duniya. Ya dai bar wa 'ya'yansa unguwar da aka haife su kamar yadda take kafin su yi wayo, ya bar wa matarsa dariya ɗaya da yanzu take cikin wayarta, ya bar mana kakarmu tana kiwo a tsakar gidan da ba a taɓa ɗaure saniya ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Dada, ya haskaka makwancinsu.

Juma'ar da ta wuce na koma gaishe da Goggo Dije. Na same ta a kan tabarma tana gyara zogale, bakinta yana motsi. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce tun ranar nan abin yake damunta: Dada ta tsallake shanu uku, ita kuwa ta tuna su daga labaran da Dada take ba su tun suna yara, har da wata ja da ta haihu a hanyar mashaya.

"Wannan wayar taki tana ɗauka?" ta tambaye ni.

Na ce tana ɗauka, Goggo.

Ta ture faifan zogalen gefe, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta kalli wajen ƙofa kamar shanun za su shigo ta zaure.

"To matso da ita kusa," ta ce. "Muryata ba ta kai nesa yanzu."